Aikin Kumandan Ya Tare Layi

Tun shekaranjiya gabas ke haɗa baƙi tana warwarewa, kuma tun shekaranjiya Yaya Nomau ya fito da sunguminsa ya jingine a bakin zaure. Gidanmu na unguwar Kalley, a nan Yamai, ba shi da gona. Abin da ke akwai ɗan zirin ƙasa ne tsakanin katanga da kwata, wanda ko akuya ba za ta juya a ciki ba, amma duk shekara can yake sare ramuka ya zuba gero. Jikokina suna tsokanarsa, suna ce masa sarkin noma. Ni ba na sa musu baki. Duk sanda na ga sungumin nan, abin da ke dawo mini shi ne wata bazara da wani injin buga takardu.

Shekarar da nake magana, daminar da ta gabace ta ta yi mana rowa. A garinmu, can ƙasar Adar, gero ya yi kara ya tsaya, bai fid da kai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kafin sanyi ya fita rumbuna sun zama wayam. A nan Yamai kuwa an hana mu kiran abin da sunansa. Ni sakatariya ce a wani biro, wato ofis, mai raba kayan agaji, kuma in na buga kalmar yunwa a takarda, sai a dawo mini da ita da jan layi, a ce in sa “ƴan matsalolin cimaka”. Da sojoji suka karɓi mulki suka fito a rediyo suka ce yunwa ce, mutane sun yi tafi, ni ma na yi. Amma ba gaskiyar kaɗai suka zo da ita ba, sun zo da tsoro. Yau ka ji an kwashi darakta kaza, gobe an rufe magazin kaza, wato sito, ana bincike. Nan da nan ma'aikata suka gano cewa wanda bai yi komai ba, ba a kama shi da komai. Mutumin da a da yake sa hannu a takarda yana waya yana tauna goro, yanzu sai ya juya ta gaba da baya ya tura ka wurin wani.

Zafin bazarar nan kuwa ba a magana. Tun hantsi kwalta ke manne wa takalmi. In ka tsaya kan gada wajen Gaweye sai ka ga kogi ya janye ya bar tsibiran yashi, makiyaya na ƙetarawa da ƙafa, da shanun da daga saman gada kake ganin haƙarƙarinsu. Nama ya yi arha don ana yanka dabbobi kafin su faɗi, amma nama ne baƙi mai yauƙi, ko ka kwana kana dafa shi ba ya fid da mai. Hatsi ne ya gagara. Famfo ba ya kawo ruwa sai da asuba, don haka bayan salla mu mata muke jera bokitai, ana ture-ture ana ba juna haƙuri. Da safe koko tsararo, da rana garin rogo da kwaɗon zogale, da yamma tuwo in ya samu. Tsakar gidanmu ta cika da dangi daga ƙauye, tabarma kusa da tabarma, ni kuma kullum ƙara wa miya ruwa nake, har ta koma ana hango gindin kwano. Maigidana tela ne, kekensa na lantarki, kuma wuta ta fi tafiya da zama, saboda haka yini yake yana fifita da kwali yana zagin kamfanin wuta.

A cikin baƙin nan har da Yaya Nomau, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe gonar mahaifinmu. Mutum ne da ke alfahari da cewa bai taɓa zuwa cin rani ba. Shekarar nan ya zo. Ya iso leɓunansa duk sun tsage, bakinsa na ɗacin anza, ƴaƴan itacen nan da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin a iya haɗiye su. Matarsa da ƴaƴansa ya kai su gidan surukai. Sai da ya ci ya sha ruwa, mutane suka watse, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

“Salamatu, mun canye irin.”

A garinmu damin iri ana rataye shi can ƙololuwar rumbu, kuma ko yaro na kukan yunwa ba a dubansa. Namijin da ya sauko da shi ya kai inda ba ya son a tambaye shi. Ya shiga tura kurar ruwa a unguwa, da furfurarsa, amma hankalinsa ba ya Yamai. Abu ɗaya ne a ransa: ya koma gida da iri kafin ruwan farko.

Kuma irin yana nan. Biron namu ya samu taimakon irin gero mai saurin nuna, an jibge buhunan a magazin can ƙetaren kogi, garinmu na cikin waɗanda za a kai wa. An ware kamiyo, babbar motar kaya, direban ya yarda Yaya ya hau bisa kaya. Matsalar hanyar ita ce, bayan ka sauka daga kwalta akwai wata ƙorama mai faɗi. Da rani yashi ne, mota ke bi ta wuce. In ruwa ya sauka a duwatsu kuwa sai ta cika, ko ta janye ta bar laka, babbar mota ba ta sake ƙetarawa sai Allah ya yi. Abin da ya rage kawai takardar fitar da kaya, wadda muke kira bon, kuma ni ce mai buga ta.

A da da hannu ake rubuta bon. Da masu ba da taimako suka gaji da ɓacewar buhuna, sai suka kawo tsari: komfuta ce ke ba kowane bon lambarsa, kuma ba ya fita ta ko'ina sai ta injin buga takardu guda ɗaya da ke tsaye a baranda, wanda duk biron ke aika wa aiki. Aikin ba kai tsaye yake zuwa injin ba. Sai ya bi ta uwar komfutocin, wadda ake kira sarber, ita ke jera ayyukan a layi, na gaba ya fita sannan na baya. Kowa na iya buɗe layin a komfutarsa ya ga abin da ke ciki da sunan mai shi. Amma aikinka kaɗai kake iya gogewa. In ka taɓa na wani, sai ta watso maka rubutun faransanci cewa ba ka da izini.

Mai izinin mutum ɗaya ne, Mutari, mai kula da komfutoci. Shi ke da kalmar sirri, shi ke da makullin ɗakin sarber. Ɗakin nan shi kaɗai ne a benenmu na'urar sanyinsa ke aiki, har da baturan da ke riƙe shi in an ɗauke wuta. Mu muna zuba gumi yana ɗiga kan takardu, akwatin ƙarfe na shan sanyi, Mutari na taya shi, da ƴar butar shayinsa. Tun kafin wannan rigimar na taɓa ce masa ya ba mu sakatarori ikon share layi in ya cije, tunda kullum sai mun je mun ƙwanƙwasa masa.

“Madam Salamatu,” ya ce yana murmushi, “in kowa ya riƙe makulli, ai ƙofar ba ta da amfani.”

Na fahimci wace ƙofa yake nufi, ta albashinsa ce.

Ana cikin haka aka yi bikin ƙaddamar da rabon iri. Sabon daraktanmu soja ne, ba ma kiransa da komai sai Kumandan. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, mutum ne mai sauri da ba ya son dogon bayani, amma in ya shigo baranda har masu tari suna haɗiye tarinsu. An kafa rumfa a farfajiya, an kawo buhu ɗaya daga magazin, an kawo masu hoto. Sai aka farga babu manomin da zai karɓa. Mai tsara bikin ya leƙa bakin ƙofa ya ga Yaya Nomau zaune gindin dogonyaro yana jirana. Ranar ya aro babbar rigar maigidana don kada ya ba ni kunya a wurin aiki. Aka ce ya cire ta, ƴar sharar da ke ciki ta fi dacewa da hoto. Ya cire. Aka aza masa buhun a ka, Kumandan ya dafa gefe, aka yi ta ƙyalla hotuna, aka yi tafi. Da aka tashi, aka sauke buhun aka mayar da shi magazin, don ba shi da bon. Washegari Kumandan ya tafi rangadi gabashin ƙasa.

A safiyar da ya tafi na shirya bon na garinmu, na aika, na taka baranda in ɗauko. Injin na tsaye, ƴar fitilarsa na ƙiftawa, bai fid da komai ba. Na koma na buɗe layi. Can sama akwai wani aiki da aka aiko daga komfutar Kumandan tun jiya da yamma, sunansa wasu lambobi ne kawai, an rubuta kuskure a gabansa. Duk sauran ayyukan na jere a bayansa, nawa a ciki.

Muka fara abin da muka saba. Na kashe injin na kunna. Na zare wayarsa ta baya, na hura mata iska, na mayar. Madam Fati, abokiyar zamana a biro, Bazabarma mai ƙarfin hannu, ta jawo akwatunan takarda ta buga su ta mayar, ta buɗe cikin injin ta leƙa ko wata takarda ta maƙale, ta ciro kwalbar tawada ta girgiza ta kamar mai kaɗa nono. Akawu ya zo ya ɗan mari gefen injin. Ni na koma na danna kan aikin Kumandan na ce a soke, ta ce ba ni da izini. Na kashe komfutata na kunna, na sake, amsar ba ta canja ba. Da aka ɗauke wuta da azahar har murna na yi, na ce wataƙila abin ya manta. Ina! Layin ba a cikin injin yake ba, yana cikin sarber, ita kuwa da baturanta ko gezau.

Kuma ga halinmu na biron nan: in mutum ya aika aiki bai fita ba, ba ya tambayar dalili, sai ya sake aikawa. In bai fita ba ya ƙara. Wasu har da Bisimilla. Kafin la'asar layin ya yi tsawon da sai ka yi ta jan sa ƙasa kafin ka ga ƙarshensa.

Na je na ƙwanƙwasa wa Mutari. Sanyin ɗakin ya buge ni har na ji haushi ya ƙaru. Ya duba allonsa, ya ce ai abin a fili yake, aikin Kumandan babba ne, yana neman babbar takarda wadda ba mu da ita, kuma ya riga ya sa kai a ƙofa, na baya ba sa wucewa sai an goge shi.

“To goge shi mana.”

Ya juyo ya dube ni kamar na ce ya zagi uwarsa.

“Madam, na Kumandan ne fa.”

“Na gani. In ya dawo ya sake aikawa.”

“In kuma takardar sama ce? In rahoton bincike ne? Gobe a ce wa ya goge, sunana ne sarber za ta nuna. Ke kina gidanki, ni ina bariki. Kawo mini izini a rubuce, yanzu in goge.”

Na ce to ya buɗe ya ga mene ne. Ya ce leƙa takardar Kumandan ai ya fi gogewa laifi.

Na tafi wurin mataimakin darakta, dattijo mai carbi da tabon salla. Ya saurare ni da kyau, ya tausaya, ya ce wallahi yunwa ba daɗi, shi ma danginsa sun cika masa gida. Sannan ya ce shi ba a bar masa ikon taɓa takardun Kumandan ba, an bar masa ikon tafiyar da biro ne kawai. Na ce to ya kira shi. Ya ce mutum na tare da manya a rangadi, a kira shi a kan injin takarda? Ni na kira. Wani ƙaramin soja ya ɗauka, ya ce zai faɗa. Da na sake kira ya ce ai ya riga ya ce zai faɗa, kuma in na kuma bugowa zai rubuta sunana.

Sai mataimakin ya kawo dabara, yana jin daɗin kansa: tunda babbar takarda aikin ke nema, a sayo ta, ya fita lafiya, ba wanda ya goge komai. Aka ce madalla. Akawu ya ce ba ya fid da ko sisi sai da takardar neman saye. Takardar neman saye kuma komfuta ke ba ta lamba, ta injin nan take fita. Aka shirya ta, aka aika, ta je ta bi layi a bayan aikin Kumandan. Wallahi manyan mutane ne masu digiri suka yi wannan, kuma ba wanda ya yi dariya. Maigidana da ya ji, ya shiga babbar kasuwa da kansa ya samo mini babbar takardar. Muka zo sawa, ashe akwatin da ke ɗaukar irinta ya karye tun bara, an cire shi, ba wanda ya san inda yake.

Na rubuta bon da hannuna, na roƙi mataimakin ya buga hatimi, ya buga yana kau da kai. Na hau tasi na ƙetare gada. Mai magazin ya riƙe takardar da yatsa biyu. A bakin ƙofarsa soja ne zaune da bindiga bisa cinya. Ya ce wanda ya gada a kujerar nan yana tsare a kan bon na hannu, shi kuwa yana da ƴaƴa. A bayansa ina hango buhunan, jere har rufi, ga kamiyon a rana, direban na barci a ƙarƙashinsa.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Kowace safiya in buɗe layi, aikin Kumandan na nan a sama. Kowace safiya Yaya Nomau ya biyo ni da ƙullin kayansa, ya bar kurar ruwa, ya zauna gindin dogonyaro, fuskarsa gabas. Iska ta juya, ta fara zuwa da danshi, zafin ya koma mai nauyi, irin wanda gumi ba ya bushewa. Da yamma walƙiya can nesa. In na fito ya miƙe.

“Mi anka ce?”

“Injin ne, Yaya. Har yanzu bai saki ba.”

“Ya lalace?”

“Lafiyarsa ƙalau.”

“To mi a ciki?”

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani, cewa takardar babban mutum ce ta tsaya a gaba, kuma mai iya kawar da ita yana tsoro. Ya murza gemunsa.

“Ko ga rijiya,” ya ce, “in gugan sarki ya maƙale, hidda shi akai mutane su sha. Amma ku kun hi mu sani.”

Ba da gatse ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da gaske yake ganin mun fi shi sani.

Ruwan ya sauko wata rana da rana tsaka. Sama ta yi jajir, sannan ta yi baƙi, iska ta kwashe rumfunan masu tebur, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya cika baranda. Ma'aikata suka fito suna hamdala, Madam Fati ta miƙa hannu ta taga tana shafa wa fuska. Na leƙa ƙasa na ga Yaya bai gusa daga gindin itacen ba, ruwa na zuba a kansa, ya rungume ƙullin kayansa. Duk garin na murna, shi kaɗai ya san abin da ruwan nan ke nufi. Da yamma aka bugo daga garinmu aka ce can ma an yi, mai yawa, masu ɗan sauran iri har sun fita shuka.

Kumandan ya dawo bayan ruwa na biyu. Na tsaya masa a kan matakala, mataimakin na yi mini alama da ido in kauce. Na ce ranka ya daɗe, akwai aikin da ka aika wa injin kafin ka tafi, ya tare layi, irin shuka bai fita ba.

“Wane aiki?” Ko tsayawa bai yi ba. “Ban tuna ba. A goge mana. Wannan har sai an jira ni?”

Ya wuce. Mataimakin ya bi shi yana cewa ai dama abin da ya ce ke nan.

Na shiga ɗakin sanyi ban ƙwanƙwasa ba. Mutari ya sa kalmar sirrinsa. Yanzu da izini ya samu sai ƙarfin hali ya zo masa, ya ce bari dai ya ga mene ne kafin ya goge. Ya buɗe. Hoto ne. Kumandan da kakinsa yana murmushi, hannunsa kan buhu, a ƙarƙashin buhun kuma Yaya Nomau da yagaggiyar ƴar shara, jijiyoyin wuyansa sun fito, yana ƙoƙarin murmushi shi ma don an ce ya yi. Mutari ya tsayar da layin, ya goge, ya sake tayarwa. Shayin da ya zuba kafin in shigo ko hucewa bai yi ba.

Injin ya farka ya fara amai. Duk abin da aka yi ta aikawa aka sake aikawa ya shiga fitowa: sanarwar taro ɗaya sau babu adadi, takardar hutun wani, katin sunan jaririn wata, har da takardar neman sayen babbar takarda. Na ce wa Mutari ya share su ya bar nawa ya wuce, ya ce izinin aiki ɗaya aka ba shi. Takarda ta ƙare, ga ta dama a ƙididdige ake ba mu ita. Na ciro ƴan waɗanda na ɓoye a ƙasan aljihun teburina. Kafin a kai ga bon na garinmu tawada ta yi sanyi, ya fito fari-fari, sai ka karkata shi ga haske kake ganin lambar. Mai magazin ya karɓa.

Sun tashi, Yaya bisa kaya. Abin da ya biyo baya daga bakinsa na ji. Sun iske ƙorama ta cika tana gudu da itatuwa. Suka zauna jira a bakinta. Daminar shekarar nan, kamar mai biyan bashin bara, ba ta ɗaga ba. Tamfol ɗin kamiyon yagagge ne. In ruwa ya ɗan janye sai laka, jaki ma nutsewa yake, kafin ta bushe wani ya sauko. Mutanen garinmu suna zuwa su tsaya a wancan gefen suna kallon motar. Da aka samu ƙarti suka ƙetaro da igiya don a ɗauka a ka, aka yaye tamfol, sai wari mai tsami ya bugo su. Irin ya tsira a cikin buhu. Fararen saiwoyi sun huda buhunan sun sarƙe da juna, na ƙasa sun ruɓe sun yi baƙi. Ya ce akwai tsohon da ya tsuguna ya yi ta tsintar ƴan tsiron yana dasawa a bakin ƙorama, ba wanda ya hana shi.

A kamiyon nan ya dawo Yamai. Shekarar kowa ya yaba damina, waɗanda suka shuka sun cika rumbu, kogi ya cika har ya shiga gidaje wajen Gaweye. Gonar mahaifinmu ciyawa ta yi. Kafin wata damina an ba da ita jingina don a ci, daga jingina kuma ba ta dawo ba. Matarsa da ƴaƴansa suka biyo shi nan. Ya yi turin ruwa har gwiwa ta ƙi, ya koma gadi.

A biro ba a tuhumi kowa ba, don ba wanda ya yi komai. An rubuta cewa ruwa ne ya lalata kaya. Mutari ya samu ƙarin girma daga baya. Hoton kuwa an kai shi wani shago a gari an wanke shi babba, an sa masa gilashi, an rataye a baranda daidai saman injin. Kumandan ya tafi, farar hula suka dawo, daraktoci suka yi ta canjawa, hoton na nan don ya yi kyau in baƙi sun zo. Duk takardar da zan ɗauka har na yi ritaya, a ƙarƙashin wuyan wana nake ɗaukarta. Na koyi ɗauka ba tare da na ɗaga kai ba.

Yanzu ƴata daga wayarta take aika takarda ta fito, in ta cije ta share da yatsa tana hira. Na ba ta labarin nan, ta ce, “Mama, ai danna biyu ne.” Na ce na sani, a gabana aka danna.

Ɗazu bayan la'asar aka fara yayyafi. Yaya Nomau ya ɗauki sunguminsa ya fita zirin nan nasa, yana sara yana jan ƙafa, yana rufe ramin da diddige. Na riƙe masa ƙwaryar irin. Bai taɓa tayar da zancen shekarar nan ba, sai yau, yana duƙe, ya tambaye ni ko hoton na nan. Na ce ban sani ba, na daɗe ban je ba, kuma in da hali da na fasa shi.

“A'a, bar shi,” ya ce. Ya ɗebi gero ya zuba a rami. “Ni na ɗauki buhun ga bisa kaina, Salamatu. Na ji nauyinai. Iri ne mai kyau.”